Saƙa: Suna Ɗaya, Hannaye Daban-daban

Idan aka ce maka wance tana saƙa, ba ka san aikin da take yi ba sai ka ƙara tambaya. Mai yiwuwa dattijuwa ce zaune gaban masaƙar tsaye tana fitar da gwado. Mai yiwuwa budurwa ce riƙe da kwarashi tana haɗa wa ɗan yayarta hula da safa kafin ranar suna. Tana iya zama mai keken saƙa wadda makarantu ke ba kwangilar rigunan sanyi in hunturu ya ƙarato, ko kuma mai kaba da ke yin tabarma. Bahaushe ya tara duk waɗannan ya kira su saƙa, har ya haɗa da aikin da ƙudan zuma ke yi a cikin amya. Bature kuwa ya rarraba su. Aikin masaƙa yana ce masa weaving, aikin kwarashi crochet, aikin tsinke biyu da zare ɗaya kuma, wanda ake yin suwaita da safa da shi, shi ne knitting. A kan wannan na ƙarshe zan fi tsayawa, domin shi ne baƙo a cikinsu, shi ne kuma ya fi yawa a jikinmu yau ba tare da mun lura ba.

Bambancin ya wuce na suna, ya kai ga yadda ake gina tufar tun daga tushe. Masaƙin gargajiya da zare kashi biyu yake aiki. Sai ya yi wadari tukuna, ya miƙe zaren tsaye, ya zura shi ta cikin allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru can nesa da inda yake zaune. Sannan ya sa kwarkwaron abawa a cikin ƙoshiya, ya taka, zare ya buɗe baki, ya jefa ƙoshiya ta ratsa, ya buga. Zaren tsaye da na kwance suna gitta juna, wannan ya hau, wancan ya bi ta ƙarƙashi. Shi ya sa tufar masaƙa ba ta miƙewa. Ja ta a tsaye ko a kwance, tana nan yadda take.

Mai tsinke ba ruwanta da wadari, ba ruwanta da ƙoshiya. Zare ɗaya tal take lanƙwasawa ya zama ɗan zobe, ta zaro wani zoben ta cikinsa, ta zaro wani ta cikin na kusa da shi, har layi ya cika a kan tsinke, ta juya ta fara sabo a bisa shi. Kowane zobe yana da ɗan sararin da zai buɗe ya koma, don haka tufar take miƙewa ta bi jiki. Da wannan ne safa ke kama diddige, hular sanyi ke kama kai ba maɓalli ba mazagi. Nan ne kuma rauninta yake. Idan zaren ya tsinke a wuri guda, ko yaro ya kamo bakinsa ya ja, sai aikin kwana da kwanaki ya warware layi bayan layi, abin da ba ya faruwa da gwado, wanda sai dai bakinsa ya zazzare.

Kwarashi ɗan uwan tsinke ne, shi ma zare ɗaya yake ci, amma ba ya tara layi a jikinsa. Ƙugiyarsa tana gama zobe ɗaya kafin ta kama na gaba. Wannan ɗan bambanci yana da nauyi a kasuwa: saƙar tsinke inji ya daɗe da koyonta, ta kwarashi kuwa har yanzu ba a samu injin da ke yin ta yadda hannu ke yi ba. Duk abin da ka gani na ainihin saƙar kwarashi, wata ce ta zauna ta yi shi zobe bayan zobe. Ya kamata mai taya irin wannan kaya ya san haka kafin ya buɗe baki.

Mutane da yawa suna ɗauka saƙar tsinke sana'ar Turawa ce tun fil azal. Tarihi bai nuna haka ba. Mafi tsufan abin da masu tonon tarihi suka samu na wannan saƙa a Masar aka same shi, daga wajen ƙarni na 11 zuwa gaba, zamanin daulolin Musulunci: safar auduga fara da shuɗi, mai zane-zane, wasu har da rubutun Larabci a jikinsu. Kyan aikin ya nuna ba 'yan koyo ne suka yi shi ba, sana'ar ta riga ta zauna. Tun kafin nan ma Misrawa suna yin safa mai rabe babban yatsa da sauran, don a sa ta da takalmi mai hanci, amma wannan da allura mai kafa da gajerun zaruruwa ake yin ta, ba a lissafa ta cikin saƙar tsinke. Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta shiga Turai ta Andalus. A kabarin wani yarima na Kastila mai suna Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275 aka binne shi kusa da birnin Burgos, an sami matashin kai na siliki da aka saƙa da tsinke, a gefensa an saƙa kalmar baraka da haruffan Larabci. Masana suna ganin aikin Musulmi ne da ke yi wa fadar aiki.

A Ingila ne sana'ar ta zama babbar harka. A 1571 majalisar ƙasar ta yi doka cewa talakawa su riƙa sa hular ulu saƙar gida ranar Lahadi da ranakun biki, don masu yin hula su sami kasuwa. A 1589 wani mutumin yankin Nottingham mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa, kakan duk wani keken saƙa da ke cikin gidajenmu yau. Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai, a 1811, masu aiki da irin wannan inji a wannan yanki na Nottingham suka tashi suna farfasa shi cikin dare, saboda masu jari sun karya farashin aiki suna fitar da kaya marasa inganci. Su ne tarihi ya sani da sunan Luddites. Sunayen tufafi ma sun riƙe wannan tarihi. Jesin da matasanmu ke sawa na ƙungiyoyin ƙwallo sunan wani tsibiri ne, Jersey, da ke tsakanin Ingila da Faransa, wanda ya shahara da saƙa rigunan masunta.

Ita kanta kalmar knit ba don wannan sana'a aka haife ta ba. A tsohon Turanci ma'anarta ƙulla, tushenta ɗaya da kalmar da suke kiran ƙulli da ita. Sai a ƙarni na 16, da sana'ar ta yaɗu, aka ɗora mata sabuwar ma'ana. Tsohuwar ba ta mutu ba, kuma a nan mai fassara ke faɗawa rami. Bature yana amfani da kalmar ga ƙashin da ya karye yake haɗewa, ga mutumin da ya haɗe gira, ga dangi masu zumunci mai ƙarfi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu saƙa a ciki in an zo Hausa. Ƙashi ɗori ake yi masa ya haɗe, ba ya saƙuwa. Mai fushi ɗaure fuska yake yi. Dangi kuwa sai a ce kansu a haɗe yake, ko a ce tsintsiya ne maɗaurinsu ɗaya. Wanda ya buɗe ƙamus ya ga saƙa ya liƙa ta a duk inda kalmar ta fito, zai rubuta abin da ba Hausa ba.

Wasu suna kallon rashin kalma ta musamman a Hausa a matsayin giɓi. Ban yarda ba. Balarabe yana cewa hiyaka ga aikin masaƙa, yana kuma faɗar ta ga aikin tsinke. Mutumin Sifen yana da kalma guda, tejer, wadda ta ɗauki duka biyun. Bature, kamar yadda muka gani, daga ƙulli ya aro tasa. Sana'ar a makare ta zo duniya, dubban shekaru bayan masaƙa, ta tarar harsuna sun riga sun raba sunaye, sai kowa ya ba ta masauki a ɗakin da ya fi kusa. Bahaushe ya duba ya ga zare yana shiga cikin zare har ya zama tufa, ya ce ai wannan saƙa ce. Bai yi kuskure ba. Ya kuma san inda iyakar kalmar take: igiya tufka ake yi mata, gashi kitso, auduga kaɗi, aikin da ke gaban babbar riga da hular zanna ko ƙube kuwa ɗinki ne, domin allura ce ke bi ta kan ƙyallen da aka riga aka saƙa.

Kalmomin da suka rako saƙar tsinke cikin Hausa su ne shaidar hanyar da ta biyo. Ulu da suwaita daga Turanci suke. Kwarashi asalinsa Faransanci ne, ma'anarsa 'yar ƙugiya. Babu ɗaya daga cikinsu mai tsufan mazari, ko abawa, ko bakan shiɓa. Ta makarantun 'yan mata na zamanin Turawa da azuzuwan koyon aikin gida ta shigo, daga nan ta bazu cikin gidaje. 'Yan mata da yawa da tsinken tsintsiya biyu da guntun ulu suka fara koyo a firamare, kuma ina jin daga nan ne sunan tsinke ya kama bakin mutane fiye da allura. Abin mamaki ne a ce sana'ar da aka fara gani a Masar, ƙasar da alhazanmu da fatakenmu suka yi ƙarnoni suna ratsawa, sai da ta zagaya ta Turai sannan ta iso mu. Amma in aka duba, ba mu da buƙatarta sosai a wancan lokaci. Tufar ƙasar Hausa mai yalwa ce, ba mai kama jiki ba, kuma gwado da luru sun isa maganin sanyin hunturu.

Kalmar saƙa tana da zuri'a mai yawa. Mai yi masaƙi ne, mace masaƙiya, jam'i masaƙa. Wurin yi shi ma masaƙa ne, ko rumfar mutum ɗaya ce ko katafaren kamfani. Abin da aka gama saƙaƙƙe ne. In aiki ya yi kyau sai a ce ya saƙu. Saƙi kuma sunan tufa ne guda, mai baƙi da fari ƙanana kamar jikin zabo, wanda da shi da tsamiya da barage manya ke alfahari. Akwai kuma wata matsala ta wannan zamani da ya kamata a faɗa: ƙugiyar da ke kan harafin. Mutane da yawa suna rubutu a waya babu ita, sai saƙa ta koma saka. Saka kuwa kalma ce daban, ma'anarta sanyawa, ko kuma biyan alheri kamar yadda muke cewa Allah ya saka. Mai tallar da ta rubuta tana saka hula, ba a san ko yi take ko sawa take ba. Akwai allon rubutu na waya mai ɗ da ƙ da ɓ, kuma kyauta ne.

Inda kalmar ta fi armashi shi ne inda ta bar zare ta shiga zuciya. Wanda ya kwanta barci ya ƙi zuwa, sai a ce yana saƙe-saƙe. Abin da mutum ke ƙullawa a ransa bai furta ba, saƙar zuci ce. Wanda ya kasa yanke shawara yana saƙa da warwara, 'yar uwar tufka da warwara. Wanda ke shirya wa ɗan uwansa sharri yana yi masa saƙa da mugun zare, kuma duk wanda ya taɓa sayen tufa ya san nauyin wannan magana: a ido aikin lafiya lau, sai an sa an wanke sannan ha'incin zai fito. In magana ta rikice, neman bakin zaren ake yi. Waɗannan maganganu daga gidajen da ake kaɗi da saƙa kullum suka fito, lokacin da kusan kowace mace tana da mazari, kusan kowane gari yana da masaƙa. Yaro na yau yana faɗar su daidai, amma da wuya in ya taɓa ganin ƙoshiya.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ke damuna. Faɗin kalmar ba aibi ba ne, sai dai yana iya rufe mana ido. Da yake muna jin saƙa a bakin mutane kullum, ana tallar kayan jarirai, ana yaye mata a cibiyoyin koyon sana'a an ce an koya musu saƙa, sai mu ɗauka sana'ar tana nan da ranta. Wadda ke da rai ita ce baƙuwar. 'Yar gida kuwa tana ta ja da baya. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano ya tarar tufar auduga ita ce ƙashin bayan arzikinta, ana saƙa ta a birni da ƙauyuka, ana rina ta, fatake suna kai ta har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. Kura ta yi suna da turkuɗi, wanda ake haɗawa daga ƙwarya sirara ƙwarai, a rina, a buga ya yi ƙyalli, Buzaye su naɗa. Maza suna yin ƙwarya ƙwarya a masaƙar kwance a waje, mata suna yin mai faɗi a masaƙar tsaye a cikin gida. Daga baya masaƙar zamani ta zo. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. Zuwa shekarun 2000 yawancinsu sun rufe, saboda rashin wuta, tsufan injuna da kwararar yadin waje. Masaƙan hannu suna nan a wurare irin su Minjibir, amma yawancinsu dattawa ne, kuma 'ya'yansu ba kasafai suke gadon rumfar ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, dubi jikinka. Singileti, safa, jesi, rigar da matasa ke sawa da wandon jins, hijabin nan mai miƙewa da 'yan kasuwa ke cewa mai roba, kayan jarirai kusan duka: in ka kai ido kusa za ka ga 'yan zobba jere, ba zare mai gitta zare ba. Saƙar tsinke ce, inji ya yi ta da siririn zare. Yawanci ba robar kirki a ciki, yanayin saƙar ne ke sa ta miƙe. Shadda da atamfa da yadin makaranta kuwa saƙar masaƙa ce. Tela ya san wannan bambanci a hannunsa ko da bai san sunansa ba, domin in ya ɗinka mai miƙewa da ɗinkin shadda, zaren zai tsinke ran da aka fara sawa. Kusan duk wannan kaya daga waje yake shigowa, sabo ko gwanjo, alhali a nan ake noma auduga.

Akwai wani ruɗani kuma da ya shafi lafiya kai tsaye. A Turanci kalmar da ta haifi ulu tana nufin gashin tumaki. Abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ulu, mafi yawansa ba gashin dabba ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Yana da araha, yana da launi mai kyau, yana wankuwa, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da shi. Amma halinsa da wuta daban ne. Gashin tumaki ba ya saurin kamawa, in ya kama ma yakan mutu da kansa. Akirilik yana ci, yana narkewa, yana liƙe wa fata. A lokacin hunturu ne ake naɗe jarirai da shi tun daga kai har ƙafa, a lokacin ne kuma ake shigar da kaskon wuta ɗaki. Duk mai koyar da saƙa ya kamata ta faɗa wa ɗalibanta wannan tun ranar farko, mai saye kuma yana iya zare ɗan sili ya kai shi kusa da ashana: gashi yana warin ƙonannen gashi ya zama toka, na roba yana dunƙulewa ya yi tauri.

Ba na cikin masu cewa a zauna a ƙirƙiro sabuwar kalma a ofis a ɗora wa mutane. Irin waɗannan kalmomi a takarda suke mutuwa. Masu sana'ar sun riga sun warware matsalar da bakinsu: suna cewa saƙar hannu da saƙar keke, suna cewa ta kwarashi da ta tsinke, suna cewa saƙar gargajiya in suna nufin ta masaƙa. Abin da ya rage shi ne 'yan jarida, masu fassara, masu rubuta littattafan makaranta da masu tsara shirin koyar da sana'a su daina tsayawa a saƙa kawai, su ƙara kalmar da ke bayanta. Idan hukuma ta ce ta horar da mata saƙa, a tambaye ta wace iri. Idan an ware kuɗi don farfaɗo da saƙa, a san ko keke za a raba ko masaƙin da ke ƙarƙashin bishiya za a nema wa almajirai da kasuwa, domin buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Mai keke tana neman zare mai sauƙin kuɗi da wanda zai gyara mata allurai in sun karye. Mai kwarashi tana neman a biya ta kuɗin lokacinta. Masaƙi kuwa yana neman mai yi masa kaɗi, da matashin da zai zauna kusa da shi ya koyi wadari, da wanda zai je da na'urar ɗaukar murya ya tambaye shi sunan kowane itace da kowace igiya da ke jikin masaƙarsa, ya rubuta su da ƙugiyoyinsu daidai.